Babi na Bakwai: Ƙarfe Nawa Za a Ɗaga Ƙarfe?

"Ni da nake aikin kwana, yaushe zan ɗaga ƙarfen?" Masu yin wannan tambaya ba ragwaye ba ne. Ma'aikatan jinya ne, da masu gadi, da 'yan sanda, da masu gashin burodi da ke hura tanda lokacin da gari ke kashe fitila, da direbobin tirela da ke zirga-zirga tsakanin Kano da Legas, da ma'aikatan masana'antun Sharada da Challawa masu aikin karɓa-karɓa. Duk jadawalin atisayen da suka ci karo da shi, a littafi ko a waya, abu ɗaya yake gaya musu: Litinin ƙirji, Laraba baya, Juma'a ƙafa, a kwanta ƙarfe goma na dare. Don mutumin da ke tashi daga ofis da la'asar aka rubuta shi. Wanda makon nan yana aikin safe, makon gobe yana kwana, ba a yi lissafi da shi ba.

Ƙanina ma'aikacin jinya ne a wani asibitin gwamnati. Yana da ƙarfensa a bayan ɗaki, irin haɗin gida: gwangwanayen fenti biyu cike da siminti, an soka bututun famfo a tsakani. Wata safiya na biya gidan, na tarar ya dawo daga kwana na huɗu a jere, idanu jajir, ko takalmin aiki bai cire ba, yana tsaye a kan ƙarfen. Ya sunkuya ya ɗago, sau uku ya dire.

Ya ce, "Yaya, kamar an ƙara wa abin nan siminti."

Na ce, "Yaushe rabonka da barci?"

"Jiya da rana. Awa uku da wani abu."

"To me ya kawo ka nan?"

"Ai yau Laraba ce, ranar baya."

Bayansa lafiya lau yake, ƙarfen ma ba a ƙara masa ko cokali ɗaya na siminti ba. Larabar ce matsalar.

Agogon da ba ya duba rosta

A can cikin ƙwaƙwalwa, daidai saman inda jijiyoyin idanu biyu suke gittawa, akwai wani ɗan curin ƙwayoyin halitta da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Shi ne agogon jiki. Da haske yake saita kansa. In duhu ya yi, ya sa a saki sinadarin melatonin, jiki ya fara sanyi, ido ya fara nauyi. In gari ya waye, ya janye shi. A shekarar 2017 an bai wa wasu Amurkawa uku, Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young, lambar yabo ta Nobel saboda gano yadda wannan agogo yake bugawa a cikin ƙwayoyin halitta. Abin dariya, a jikin ƙananan ƙudajen nan masu bin ruɓaɓɓiyar ayaba suka gano shi.

Abin da ya shafi mai ɗaga ƙarfe shi ne, ƙarfin jiki ma hawa da sauka yake yi tare da agogon. Zafin jiki ya fi yin ƙasa wajen ƙarfe huɗu zuwa biyar na asuba, lokacin da mai gadi ya fi fama da gyangyaɗi. Ya fi hawa daga la'asar zuwa bayan magariba, kuma a nan ne yawancin mutane suka fi ƙwanji.

Wani zai ce ai jiki sabawa yake yi. Yana sabawa, amma tafiyar hawainiya yake yi, kamar awa ɗaya ko biyu a kowace rana. Kafin ya gama juyawa an canza maka rosta, wato jadawalin aiki. Ga kuma ranar da ke dukan idonka a kan hanyar komawa gida, tana gaya wa agogon cewa yanzu gari ya waye. Shi ya sa barcin rana ba ya kai na dare tsawo ko nauyi. Ƙara da halinmu na nan: watan Afrilu, rufin kwano, an ɗauke wuta, yara na ƙiriniya a tsakar gida, mai tallan ruwa na buga baro, ga baƙon da zai yi ta sallama yana mamakin ƙato yana barci da hantsi. In mace ce abin ya fi haka tsanani, don ta sauka daga kwana ne ta tarar da shirin yara zuwa makaranta da tukunyar rana suna jiran ta.

Abin da rashin barci yake ci

Dare ɗaya ba ya kwashe ƙarfin mutum. Wannan albishir ne, kuma ya kamata a riƙe shi. Bashin da ya taru shi ke kayar da ƙato.

A 1994 wasu masana biyu a birnin Libaful na Ingila, Reilly da Piercy, sun tara samari takwas suka taƙaita musu barci zuwa awa uku a kowane dare, har dare uku a jere, suna auna abin da za su iya ɗagawa. Lanƙwasa hannu da ƙarfe, wato aikin damtse kaɗai, bai ragu ba. Amma manyan ɗagawa, tura ƙarfe daga ƙirji a kan benci, da turawa da ƙafa, da ɗagowa daga ƙasa, duk sun yi ƙasa, kuma raguwar ta fi fitowa ne bayan dare na biyu. Wato ɗagawar da ke bukatar jiki duka ya haɗa kai ita ce take fara kokawa. Abin da ƙanina ya ji a hannunsa ke nan.

Sai kuma gyaran tsoka. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gidan bulo ya san ba a buga bulo yau a ɗora shi a gini gobe. Sai an jera shi, an yi ta ba shi ruwa, an bar shi ya kama. Bugawar ta 'yan mintoci ce, kamawar ta kwanaki. Atisaye shi ne bugawar. Bayan shi tsoka takan yi kwana ɗaya zuwa biyu tana ginuwa, kuma barci ne ruwan da ake ba ta. Wani bincike da aka wallafa a 2021 ya nuna cewa kwana ɗaya cur ba barci ya rage saurin ginuwar tsoka da kashi 18 cikin ɗari. A Jami'ar Chicago kuma, a 2011, an sa samari lafiyayyu barcin awa biyar kacal na mako guda, sai sinadarin testosteron na jikinsu ya sauka da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Mai buga bulo yana hana shi ruwa, aikin banza yake yi, ko da kuwa gumi na zuba.

Na uku shi ne wanda ya fi ba ni tsoro, wato hankali. A 1997 wasu masu bincike a Ostireliya, Dawson da Reid, sun gwada mutanen da suka yi awa 17 ido biyu, suka ga saurin hannunsu da natsuwarsu sun yi daidai da na wanda ya kurɓi giya har ta kai mizanin da ƙasashe da yawa suke hana tuƙi a kansa. Yi lissafi: ka farka ƙarfe huɗu na yamma, ka yi aikin kwana, ka iso gida ƙarfe tara na safe. Awa 17 ke nan cif. A wannan hali ne za ka kwanta a benci, kai kaɗai a bayan ɗaki, ka ɗora kilo sittin a saman maƙogwaronka?

Yi sallama da ranakun mako

Mataki na farko shi ne ka daina ƙirga atisaye da sunan rana. Makonka ba irin na mutane ba ne, don haka kada ka ari jadawalinsu.

Ka tsara atisaye iri biyu kawai, kowanne ya taɓa jiki duka. Na farko: tsugunno da nauyi a kafaɗa ko a rungume, sai turawa, ko dai a benci ko dannar ƙasa da hannu, sai jawo ƙarfe zuwa ciki kana sunkuye. Na biyu: ɗago ƙarfe daga ƙasa, tura shi sama da kai, jan jiki a sandar da aka gitta, sannan ka ɗauki jarka biyu ka yi tafiya da su. Jarka mai lita 25 in ta cika da ruwa kilo 25 ce, ba sai ka nemi sikeli ba. Kowane motsi zubi uku, kowane zubi sau shida zuwa goma, kamar yadda muka yi bayani a babin da ya wuce. Minti arba'in sun isa.

Sai ka riƙa yin su bi da bi. Ka yi na farko, in dama ta sake samuwa ka yi na biyu, sannan ka koma na farko. Tsakaninsu a samu aƙalla yini guda na hutu. In tazarar ta kai kwana huɗu ko biyar saboda aiki, ba ka fasa komai ba, ba kuma ka da ramuwa. Inda ka tsaya nan za ka ɗora.

Me ya sa jiki duka? Domin wanda ya raba jikinsa gida uku, in ranar ƙafa ta faɗo a kan kwana na huɗu ya tsallake ta, sai ƙafar ta yi mako biyu ba ta ga nauyi ba. Mai taɓa jiki duka kuwa, duk ranar da ya samu, kowace gaɓa ta samu rabonta. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2020, aƙalla kwana biyu a mako ta ce manya su yi atisayen ƙarfafa tsoka da ya shafi manyan gaɓoɓi duka. Biyu, ba shida ba. Samarin da ke nuna ƙirji a waya suna cewa kullum suna gidan motsa jiki, sana'arsu ke nan, kuma ba sa kwana suna juya mara lafiya.

Ranar da rosta ta fito, ɗauki biro. Fara da zana lokutan barci, kafin komai. Abin da ya rage shi ne filin atisaye. A ce an ba ka kwana huɗu a jere, sai hutun kwana uku. Da la'asar ɗin ranar da za ka fara kwana jikinka na cike da barcin daren jiya, wannan rana ce mai kyau, yi cikakken atisaye. A tsakiyar kwanakin, bayan dare na biyu, in jiki ya yarda ka yi ɗan gajere. Ranar da ka sauka kuwa, kada sunanta ya ruɗe ka. A takarda hutu ce, a jiki ranar biyan bashi ce: yi barci zuwa azahar, tashi ka shiga mutane, ka kwanta da wuri bayan isha'i. Rana ta biyu ta hutu, bayan ka yi barcin dare cikakke, ita ce ranar ƙara nauyi da gwada ƙwanji. Ba kullum ake samun irinta ba, kada ka ɓatar da ita a zaman majalisa.

Kafin aiki ko bayan aiki?

Amsar gajera ce: bayan barcinka mafi tsawo, ko ƙarfe nawa ne.

Ga mai aikin kwana, wannan na nufin la'asar zuwa magariba. Ka ga an yi dace, don lokacin ne agogon jiki ma ya fi ba da ƙarfi, rana kuma ta yi sanyi. Sai dai kada ka diro daga katifa ka kama ƙarfe. Magagin barci kan ɗauki minti goma sha biyar zuwa talatin kafin ya saki mutum. Sannan faya-fayan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan gadon baya sukan tsotsi ruwa su kumbura in mutum ya daɗe a kwance, shi ya sa ma kowa ya fi tsawo da kusan santimita ɗaya in ya tashi daga barci. A wannan hali sunkuyawa da nauyi ta fi takura baya. Ka ba kanka kamar awa guda: ka yi alwala, ka yi salla, ka sha ruwa, ka sa wani abu a ciki, ka ɗan zagaya.

Na san akwai masu cewa su da safe bayan an tashi aiki suka fi jin daɗi, jiki a sake, ba sa son su kwanta da nauyin atisaye a rai. Ban hana ba, amma a ƙasarmu akwai kuɗin da ake biya. Daga ƙarfe takwas zuwa sha ɗaya na safe su ne awannin da ɗaki bai gama ɗaukar zafi ba. Su ne gwal ɗin barcin rana. Wanda ya kashe su a kan ƙarfe da wanka da jiran zuciya ta lafa, zai kwanta ne daidai lokacin da kwano ya fara ƙara. In dole sai da safen, to ya zama mara nauyi, ba ƙarfe a saman kai ko wuya, a kuma gama aƙalla awa ɗaya kafin kwanciya.

Mai aikin safe ya jira sai ya dawo, ya ɗan yi ƙailula, ya yi nasa da la'asar. Kada ya yanke barcin asuba don ƙarfe. Mai aikin yamma shi ya fi kowa morewa, hantsi nasa ne.

Tambayi jiki, amma bayan ya ɗumama

Ko ka tsara rosta da kyau, wata rana yaro zai kwana da zazzaɓi, ko a riƙe ka a wurin aiki don mai karɓar ka bai zo ba. Don haka kafin ka taɓa ƙarfe, ƙirga awannin da ka yi barci a cikin awa 24 da suka wuce, har da ƙailula. Ga ma'aunin da nake bai wa mutane, na yau da gobe ne. In sun kai bakwai, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da masana barci suke so babba ya samu, yi atisayenka cikakke. In biyar ne ko shida, rage zubi: maimakon uku yi biyu, ko ma ɗaya, kuma ka dire ƙarfen tun kana jin za ka iya ƙara sau uku. In ba su kai biyar ba, musamman in jiya ma haka aka yi, to atisayen yau shi ne ka koma ka kwanta.

Amma kada ka yanke hukunci kana kan katifa, don a can kullum amsar a'a ce. Jiki magayi ne, sai dai ba ya faɗin gaskiya sai ya ɗumama. Yi minti goma da ƙaramin nauyi. In nauyin da ka saba ɗagawa kamar wasa ya zo maka a hankali, ko ka ji ƙafa na rawa, ka samu amsa. Sau da yawa kuma akasin haka za ka gani, gajiyar ta kakkaɓe, ka yi atisaye mai kyau a ranar da ba ka zata ba.

Lura da cewa zubi na ce a rage, ban ce a koma ɗaga ƙaramin ƙarfe ba. Ga dalili. A 2011, a Jami'ar Alabama da ke Amurka, an horar da mutane na mako 16, sau uku a mako. Daga nan aka rage musu aiki na tsawon mako 32: wasu suka koma kashi ɗaya cikin uku na abin da suke yi, wasu kashi ɗaya cikin tara, duka sau ɗaya a mako, amma ba a rage nauyin ƙarfen ba. Matasan cikinsu sun riƙe tsokarsu da ƙarfinsu, har masu kashi ɗaya cikin tara. Dattawan, 'yan shekara 60 zuwa 75, tsokarsu ta ɗan zube, amma ƙarfin ya zauna. Tara dukiya ne ke da wuya, tsaronta bai kai haka ba. Saboda haka a makon kwana ba gini kake yi ba, gadi kake yi. Zubi ɗaya mai nauyi a kowane motsi, minti ashirin, ya tsare maka abin da ka tara har hutu ya zo.

Wanda yake da hawan jini, ko iyalinsa suka ce yana munshari har numfashinsa na ɗaukewa, ko ya taɓa yin gyangyaɗi a kan babur, ya fara ganin likita kafin ya ga ƙarfe.

Goro, shayi da labule

Mai aikin kwana da goro ko kofi aminai ne, ba zan raba su ba. Lokaci kawai za a sa musu. Sinadarin kafeyin da ke cikin goro da ganyen shayi da kofi da lemukan ƙarin kuzari yakan yi kamar awa biyar kafin rabinsa ya bar jini. Goron da ka tauna ƙarfe huɗu na asuba, rabinsa na nan ƙarfe tara da kake neman barci, rubu'insa na nan har bayan azahar. Ka sha abinka a farkon dare, ka tsaya kamar awa shida kafin lokacin kwanciyarka. Ƙwayoyi irin su tramadol da wasu ke haɗiya wai don ƙarfin aiki kuwa, ba ƙarfi suke bayarwa ba, muryar jiki suke toshewa, ita kuma muryar ce duk wannan babin ya dogara a kanta.

Barcin rana ba sai ya zo a dunƙule ba. Sallolin rana ma sun riga sun yanka maka shi gida biyu, sai ka bi yankan: babban kashi daga dawowarka zuwa azahar, ka tashi ka yi salla ka ci abinci, ka koma ƙaramin kashi zuwa la'asar. Awa huɗu da rabi da awa biyu, ka ga an doshi bakwai. Labule mai kauri ko tsohon bargo a taga, waya a kashe, sannan magana ta fahimta da mutanen gida cewa wannan barcin ba lalaci ba ne, shi ne darenka. Wannan maganar ta ƙarshe ta fi sayen labulen wuya, na sani.

Ƙanina yanzu ya cire kalandar da ke bayan ƙofarsa. Wata takarda ya manna, ba Litinin ba Laraba, lambobi ne kawai daga 1 zuwa 8, na wata guda. Duk ranar da ya yi atisaye ya soke ɗaya, ya rubuta nauyin da ya ɗaga da awannin barcinsa a gefe. Wani watan yakan soke takwas ɗin, watan da kwana ya yi yawa ya tsaya a shida. Kwanan baya na ga ya sayo gwangwanayen fenti manya.

Da na tambaye shi abin da yake ci a wurin aiki, sai ya yi dariya ya sosa ƙeya. Ƙarfe biyu na dare, in ciki ya yi kira, ba kowa a buɗe sai mai shayin bakin asibiti: Indomie biyu, ƙwai uku, burodi, da shayi mai kauri da aka zuba wa sukari ba awo. A teburin mai shayin nan za mu buɗe babi na gaba, mu ga abin da cikin mai aikin kwana yake iya narkarwa a tsakar dare, abin da ya kamata ya bari sai gari ya waye, da yadda wake da gyaɗa da nono da ƙwai za su ciyar da tsoka ba tare da albashi ya ƙare ranar goma ga wata ba.